Maƙwabcin da Inna Ta Bari a Daji

Inna yayar mahaifiyata ce, ciki ɗaya. A birnin Katsina aka haife su su biyun, aure ne ya raba musu hanya. Mama ta zauna a Ƙofar Marusa, inda ta haife mu, ita kuwa Inna ta auri wani mai ɗibar zuma a wani ƙauye da ke bakin dajin Rugu, can kuma ta tsufa.

Muna yara takan zo mana bayan an gama kaka, da galan na zuma, da daddawa ƙunshe a ganye, da faso a dugaduganta wanda Mama ke yi wa faɗa a kai kullum. Murnarmu ba ta zumar ba ce kawai. Da zarar ta huta, mukan zagaye ta a tsakar gida mu ce ta ba mu labarin Maƙwabci.

Haka mutanen ƙauyensu ke kiransa. Ba sa cewa dodo, wanda ya faɗi haka ma tsawata masa ake yi. A faɗar Inna, wata halitta ce mai kama da goggon biri, amma da ƙafa biyu take tafiya kamar mutum. Gashi ya rufe shi tun daga kai har idon sawu, in ya miƙe kuwa sai dogon mutum ya ɗaga kai kafin ya ga fuskarsa. Ba ya magana, ba ya shiga gari, ba ya taɓa dabbar kowa. Akan ji warinsa kafin a gan shi, kuma waɗanda suka gan shi ɗin ba su da yawa.

Inna ba ta taɓa cewa ta gan shi ba. Abin da ta gani daban ne, kuma yadda ta faɗe shi ina ƙarama haka ta faɗe shi na girma, ba ƙari ba ragi.

Ɗanta na fari bai daɗe da fara tafiya ba, ta goya shi suka shiga daji da mata yin itace, wajajen ƙarshen damina. Ta sauke shi a inuwa ta juya tana ɗaure kayanta. Da ta waigo babu yaro. Aka yi kira, aka yi kuka, maza suka bazu, rana ta faɗi ba a gan shi ba. Washegari da hantsi mijinta ya same shi can ciki, inda mai ƙarfi ma sai ya gaji kafin ya kai, kwance a kan ganyen da aka tara aka shimfiɗa. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin da ɗinya, ga wata tarin ɗinyar a gefensa. A cikin laka kusa da shi akwai sawu irin na mutum, amma mijin nata ya sa ƙafarsa a ciki da takalminsa, bai cika shi ba.

"Yaron da ko tafiya bai iya sosai ba," Inna kan ce, "wa ya hau mashi ɗinya?"

Baba ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, mutum mai karatu da haƙuri, amma wannan labarin bai taɓa shigarsa ba. In ya shigo ya tarar ana yi, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wani makiyayi ne ya tsince shi, ya ji tsoron a ce sata ya yi. Ki bar cika wa yara kai da camfi."

"Alhaji, kai yadi ka sani," in ji ta. "Wanda ya halicci raƙumi da irin wuyan nan, mi zai gagare shi?"

Su yi dariya, a kawo abinci. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya ja wani.

Sau ɗaya na taɓa zuwa ƙauyen, da wani dogon hutu ina sakandare. Na tafi da tunanin Inna ce kaɗai ke riƙe da zancen, sai na tarar gari ne gaba ɗaya. Masu zuma in sun sauke amya, wato gidan da suke rataya wa ƙudan zuma a kan itace, sukan bar saƙa guda a kan kututture su ce rabon Maƙwabci. Mata ba sa kwashe ɗinyar wasu itatuwa duka. Limamin garin da na tambaya ya ce shi bai gani ba, amma babansa ya gani, kuma babansa ba ya ƙarya. Wani tsoho ya kai ni gindin wata ƙirya ya nuna mini gashi maƙale a ɓawonta, sama da inda hannunsa ke kaiwa. Na duba, gashi dai ne. Ban san na mene ne ba.

Shi kuwa yaron da aka tsinta, lokacin ya zama saurayi, ya gaji sana'ar ubansa. Mu Ɗan Inna muke ce masa. Inna ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan", har ya yi furfura bai wuce yaron nan ba. Na tambaye shi ko yana tuna wani abu. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanwata, wa ke tuna abin da ya faru yana shan nono? Ni dai na san ɗinya ba ta gundurata."

Mutum ne mai sauƙin kai, mai ƙaton hannu duk tabon harbin zuma. In ya zo birni sai ya bi mu gida gida, ko bayan na yi aure na koma unguwar Kambarawa bai daina ba.

Sai daji ya canza. Ba rana ɗaya ba. Aka fara jin an kore shanun wane, an tare hanyar kasuwa kaza. Masu zuma suka daina yin nisa, daga baya suka daina shiga sam. Mijin Inna ya rasu a kan shimfiɗarsa kafin abin ya yi tsanani, Mama takan ce Allah ya so shi. Wata safiya da farkon damina, maza suna gona suna shuka, 'yan bindiga suka fito a kan babura suka tasa ƙeyar waɗanda suka samu. Ɗan Inna na ciki.

Muka yi ta jiran waya. Wasu gidajen an kira su, mu ba a taɓa kiranmu ba. Kafin damina ta yi nisa ƙauyen ya watse. Inna da matar Ɗan Inna da 'ya'yansu suka iso Ƙofar Marusa a bayan a-kori-kura, da tukwane da buhun gero rabi. Baba ya sa aka kwashe kayan da ke ɗakin ajiyarsa aka ba su.

Na zo da shirin rarrashi, sai na tarar Inna ce ke rarrashin mutane. Mata suna shigowa jaje suna hawaye, ita tana cewa su yi haƙuri. Da muka kaɗaita ta kama hannuna.

"Ɗiyata, bar kuka. Dajin nan ba baƙonshi ba ne. Wanda ya tsare shi yana jariri, yanzu ne zai ƙyale shi? Ya san ƙamshinshi. Allah ke tsarewa, amma Allah yana da bayi iri iri."

A lokacin ma godiya na yi da ta sami abin riƙewa.

Sallarta ba ta ragu ba, azumin nafila ma ƙaruwa ya yi. Amma kowace safiya takan yafa mayafi ta tafi bakin Babbar Kasuwa, inda matan da suka gudo daga ƙauyuka ke zama da 'yan kayan miya a faranti. Na raka ta wata rana. Na ɗauka labarin ɗanta za ta tambaya. Bayan doguwar gaisuwa sai na ji ta ce, "Ba a ga sawu ba ta wajenku?"

Abin da ya ba ni mamaki, ba wadda ta yi mata kallon mai taɓin hankali. Wata ta ce an ce akwai wani ɓangaren daji da ɓarayin ba sa kwana, don ana jifansu da duwatsun da mutum ba zai iya ɗagawa ba. Wata ta ce ƙanin mijinta ya ji daga bakin wanda ya kuɓuta, cewa wani abu mai gashi ne ya tsinke masa igiya. Kowace da nata, kuma ba wadda ta gani da idonta. Inna ta dawo gida ranar nan tana tafiya kamar yarinya.

Zancen bai tsaya ga mutanen ƙauye ba. Ya shiga wayoyi. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa an yi musu a kai har aka kusa ɓatawa, kuma wanda ya fi kowa rantsuwa cewa akwai shi malamin lissafi ne. Wata rana aka turo mini wani hoto dishi-dishi, wani baƙin abu yana ratsa itatuwa, an rubuta wai a Rugu aka ɗauka. Kallo ɗaya na san itatuwan ba na ƙasarmu ba ne. Jikokin Inna suka gani suka kai mata. Ta kai wayar kusa da ido ta daɗe tana dubawa.

"Wanga ba namu ba ne," ta ce. "Namu ya fi shi faɗin kafaɗa. Amma kin gani, ashe har wasu wurare suna da nasu."

Wadda abin ke ci ita ce matar Ɗan Inna. Mace ce mai kunya, ba ta ɗaga murya. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Rannan muna wanki a bakin famfo ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ni yanzu ban san ko mece ce ni ba. In na yi kuka Inna ta ce ina yi mashi fatan mutuwa. In na yi dariya raina ya ce da wa kike dariya."

Yayanta ya zo daga garinsu ya ce a kai maganar gaban alƙali, a san matsayinta. Inna ta tashi tsaye, abin da ban taɓa gani ta yi wa baƙo ba.

"Mijinta na da rai. Wa ya kawo maku gawa?"

Mutumin ya koma ba tare da ƙanwarsa ba. Tufafin Ɗan Inna kuwa, Inna takan fito da su ta shanya ta mayar, kada su yi wari kafin ya dawo.

Maigidana ne ya haɗu da mutumin da ya kawo ƙarshen jiran. Ya je sayen gero a kasuwa, ɗan dakon da ya ɗaukar masa buhu yana ɗingishi, hira ta kai su ga inda ya fito. Ashe daga ƙauyen da ke kusa da na su Inna yake, kuma rana ɗaya aka kwashe su. Ya daɗe a hannunsu kafin Allah ya ba shi sa'a ya gudu. Da maigidana ya kwatanta masa Ɗan Inna, sai ya sauke buhun ya zauna a kansa.

Maigidana ya kawo shi Ƙofar Marusa, Baba ne ya fara sauraronsa a zaure. Da ya shigo cikin gida idonsa ja, ya kira Mama da ni. Ya ce Ɗan Inna ya rasu tun a daminar farko. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, wurin ya rube, zazzaɓi ya biyo baya. Wannan bawan Allah na cikin waɗanda suka haƙa masa kabari.

Mama ta roƙe shi a bari tukuna. "Alhaji, wannan abin shi ke riƙe da ita. In ka zare shi faɗuwa za ta yi."

"Na sani," in ji Baba. "Yarinyar nan fa, matarsa? Ita ba ta da haƙƙi a kanmu?"

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka yi wa mutumin iso. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaida Inna irin gaisuwarsu ta can, ta tambaye shi mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wane ya rasu, wane yana Jibiya, wane ba a sani ba. Sannan ya faɗa mata. Bai yi kwana-kwana ba.

Matar Ɗan Inna ta kife a jikin Mama. Inna ta yi salati, ta maimaita, hannunta na kan gwiwa bai motsa ba.

"An yi mashi salla?"

"Mun yi mashi, Inna. Sun bar mu."

"Kun fuskantar da shi gabas?"

"Mun fuskantar."

Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, a hankali, "Duk zamanku can, ba ku ga sawu ba?"

Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Mutumin kuwa bai tambayi sawun me ba.

"Mun duba, Inna. Wallahi mun duba. Shi marigayi ne ma ya sa mu. Tun ranar da aka kai mu ya ba mu labarin yadda aka tsince shi da ɗinya a baki. Ya ce uwata ta ce ba a barina a daji. In an kai mu ɗibar ruwa, idonmu na ƙasa. Da ƙafarshi ta hana shi tashi, in mun dawo abin da yake fara tambaya ke nan."

"Ba ku gani ba."

"Dajin ba wanda kika sani ba ne. An sare, an ƙone. Ko biri ban gani ba, sun harbe sun cinye. Tsuntsu ma sai ka yini ba ka ji ba." Ya share fuska da hularsa. "Ban ce babu shi ba, Inna. Kakana ya gan shi. Sai dai ina jin ya tashi."

Ban taɓa sanin Ɗan Inna ya ɗauki labarin nan da gaske ba. Mutumin da ya riƙe ciki yana yi mini dariya. Wannan ne ya karya ni, na tashi na shiga ɗaki.

Daga ɗakin na ji muryar Inna tana cewa, "Ashe shi ma sun kore shi." Daga nan ta fara kuka, wani irin kuka marar sauti sosai, kamar na wanda numfashi ke yi wa wuya.

Aka yi zaman makoki, 'yan ƙauyensu da ke warwatse a birni suka cika gidan. Da aka tambayi malamin unguwa batun takaba, ya ce ai daga ranar rasuwa ake lissafi, kwanakin sun wuce tuntuni. Na ɗauka matar Ɗan Inna za ta ji sauƙi. Sai ta fashe da kuka ta ce ko takabarsa ma ba ta samu ta yi ba, lokacin da ya kamata ta yi tana nan tana taya Inna shanya masa riguna. Ta cire 'yan kunnenta duk da haka, ta daina kwalli, ba wanda ya hana ta.

Inna da kanta ta raba tufafin. Ta ba ɗan dakon nan babbar rigar. Ta daina zuwa bakin kasuwa. Ba ta kwanta ciwo nan take ba, sai dai ta zama mai shiru, takan zauna a bakin ƙofar ɗaki da carbi har inuwa ta bar wurin ba ta matsa ba. Wata rana Baba ya jawo kujera kusa da ita, ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Yaya, sawun nan da kika ce, da takalmi ya sa ƙafar ko ba takalmi?"

Ta dube shi, ta gane abin da yake so ya yi mata.

"Bar shi, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Abu ɗaya ta taɓa roƙona. Ta ce in kai ta bayan gari, ta hanyar da suka shigo. Na ɗauki mai Keke muka bi hanyar Batsari har gidaje suka fara ƙarewa. Mai Keken ya ce shi daga nan ba zai ƙara gaba ba. Muka sauka. Ba abin gani, gonaki ne da aka girbe, da wasu filaye da aka kafa wa duwatsu, da wata tsamiya guda. Inna ta kare ido da tafin hannu tana kallon yamma. Ta daɗe. Na tsaya a bayanta ina riƙe da takalminta ɗaya da ya tsinke a wajen sauka.

"Can ne," ta ce, ta nuna da haɓa.

Na ce eh, ko da yake ban ga komai ba sai sararin sama.

"Mu koma, ɗiyata. Kar mu tsaida bawan Allah, yana da iyali."

Ba ta ga kaka ta gaba ba. Ciwon kwana kaɗan ta yi, ta rasu da rana tsaka, kanta a cinyar Mama. An binne ta a maƙabartar da iyayensu suke. Bayan arba'in yayan matar Ɗan Inna ya dawo ya tafi da ita da yaran, babbarsu tana kuka don ta saba da makarantarta.

Mama takan ce, in ana zancen, ai Yaya ta yi sa'a, ta dawo gida ta cika a cikin danginta. Duk zaman da Inna ta yi tare da mu, ban taɓa jin ta kira Katsina gida ba.